Haƙƙin Naƙasassu a Damargu: Abin da Doka Ta Tanada da Inda Ake Nemansa

Tambayar da ta fi yawo a bakin mutane, daga kasuwar Bakin Birji har rijiyoyin makiyaya na Tenhiya, ita ce wannan: wai da gaske ne gwamnati na biyan naƙasassu kuɗi duk wata, kuma a ina ake rubuta suna? Gara a ba da amsa tun daga farko, kada wani ya sayar da ƴar akuyarsa ya yi kuɗin mota zuwa Damagaram a banza. A Nijar babu albashin wata-wata da gwamnati ta yanka wa kowane makaho ko gurgu ko kurma saboda naƙasarsa kawai. Akwai inda ake yin haka. Afirka ta Kudu tana biya, kuma nan kusa, jihar Jigawa ta Najeriya da jiharmu ta Damagaram ke iyaka da ita ta fara ba wasu naƙasassunta naira 7,000 duk wata a 2007, zamanin gwamna Sule Lamido. Masu zuwa cin rani sun gani da idonsu, labari ya ƙetaro iyaka ya iso Damargu, har wasu suka ɗauka a gida ake yi.

Amma duk wanda ya ji haka ya naɗe hannu, ya yi wa kansa asara. Doka ta tanadar wa mai naƙasa abubuwa da dama a ƙasar nan, sai dai ba a ofishi ɗaya suke ba, kuma ba kowa ne ya cancanci kowanne ba. Wani na ma'aikaci ne da ake yankar masa kuɗin kes, wato asusun kula da ma'aikata, a albashi. Wani na duk mai naƙasa ne, ko bai taɓa karɓar albashi ba. Wani kuma na gida ne mai fama da talauci, da naƙasa ko babu. Mai nema ya san wanne ne nasa kafin ya ɗauki ƙafa.

Dokar farko da ta tsaya a kan wannan magana ta fito ranar 2 ga Maris 1993, aka yi mata gyara a 2010. A 1999 aka buɗe asusun ƙasa na tallafa wa naƙasassu. A watan Yunin 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu, sannan ranar 10 ga Disamba 2019 aka sa hannu a kan doka mai lamba 2019-62, wadda ita ce ake tafiya a kanta. Mai zuwa ofishi ya riƙe wannan lamba a kansa ko ya sa a rubuta masa a ƴar takarda. Ma'aikacin da ya ji ka ambace ta ya san ba bara ka zo ba.

Wane ne mai naƙasa a idon doka? Ba wanda ke tafiya da sanda ko rarrafe kaɗai ba. Duk wanda ke da tawaya mai ɗorewa a jiki, ko a gani, ko a ji da magana, ko a ƙwaƙwalwa, wadda ke hana shi shiga harkokin rayuwa daidai da sauran jama'a, yana ciki. Yaron da shan inna ta shanye wa ƙafa yana ciki. Yarinyar da sanƙarau ya kurmantar tana ciki. Haka dattijon da amodari ya makantar, da wanda kuturta ta cinye wa yatsu, da matashin da aka yanke wa ƙafa bayan haɗarin mota a hanyar Agadas, da yaron da ya girma hankalinsa bai girma tare da shi ba, da mai taɓin hankali da ya daɗe yana fama. Karayar da za ta ɗore cikin wata biyu ba ta shiga, domin sharaɗin shi ne lalurar ta zauna. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu naƙasassu 715,497 a Nijar, kashi 4.2 cikin 100 na ƴan ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana lissafa kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya. Tazarar da ke tsakanin lissafin biyu tana da dalili da kowa ya sani a ƙauye: idan masu ƙidaya suka zo, akwai gidajen da ba sa faɗin yaron da ke kwance a ɗaki. Wanda ba a ƙirga ba, ba a yi masa kasafi ba.

Takarda kafin komai

Abin da ya fi kayar da mutanen Damargu a ofisoshi ba rashin cancanta ba ne, rashin takarda ne. Mutum ya cancanta sarai, naƙasarsa a fili take, amma ba shi da abin da zai nuna cewa shi wane ne. Saboda haka aikin farko shi ne takardar haihuwa. Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwa, a asibitin da aka haihu ko a wajen mai rubuta haihuwa na gari, kuma sanarwar kyauta ce. Wanda wa'adin ya wuce masa, ko da ya kai shekara 50, ƙofa ba ta rufe ba. Alƙali ne ke yanke hukuncin da ke tabbatar da haihuwarsa, da shaidu waɗanda suka san shi, daga nan ofishin magajin gari ya fitar masa da takarda. Lokaci-lokaci alƙalai kan fito ƙauyuka su yi wannan zama a fili don rage wa mutane wahala. Duk ranar da aka yi shelar zuwansu Gangara ko Olelewa ko Falanko ko Tarka, mai naƙasa ya kamata a fara ɗorawa a amalanke, ba shi za a bari yana tsaron gida ba. Da takardar haihuwa ake yin katin ɗan ƙasa.

Ta biyu ita ce takardar likita. Ganin ido bai wadatar ba, ko da kowa a gari ya shaida. Likitan gwamnati ne zai duba ya rubuta irin naƙasar, da lokacin da ta fara, da cewa mai ɗorewa ce, ya sa hannu ya buga hatimi. Ana farawa daga asibitin gunduma. Idan lalurar ta ido ce ko ta kunne ko ta ƙwaƙwalwa, mai yiwuwa a tura mutum babban asibitin ƙasa na Damagaram, kimanin kilomita 150 kudu da Tanut, inda ƙwararru suke. Kafin ka bar gaban likita, ka sa wanda ya iya karatu ya jera takardun biyu ya duba sunan harafi bayan harafi. A takardar haihuwa an rubuta Mahamadou, a ta likita an rubuta Mamane, sunan uba a ɗaya Issoufou a ɗaya Youssouf. A gida mutum ɗaya ne, a ofishi mutum biyu ne, kuma wannan ƴar saɓanin kan mayar da mutum gida bayan ya kwana a tasha. Gyara a nan take minti biyar ne. Gyara daga baya wata tafiyar ce da wani kuɗin mota.

Sai hotuna ƴan ƙanana irin na kati, da kwafin kowace takarda. Ba a barin takarda ta asali a hannun kowa. A nuna ta, a ba da kwafi, a mayar da ita cikin leda, a sa a akwatin ƙarfe inda gara da ruwan damina ba za su kai ba.

Dokar 2019-62 ta tanadi katin shaida na naƙasassu, wanda a Faransanci ake kira carte d'égalité des chances, wato katin daidaita dama. Shi ne shaidar da mai naƙasa zai riƙa nunawa wajen neman sauƙin da doka ta ba shi a asibiti da makaranta da neman aiki. Maganarsa tana hannun ma'aikatan kula da jin daɗin jama'a, waɗanda mutane ke kira sosiyal. Sunan ma'aikatar a Yamai yana sauyawa duk lokacin da aka yi wa gwamnati garambawul, amma a Tanut ko Belbeji idan ka tambayi ofishin sosiyal a wajen perefe ko a ofishin magajin gari, za a nuna maka. Ka shiga da sallama ka faɗi abin da ya kawo ka kai tsaye: "Ranka ya daɗe, na zo ne a kan maganar katin naƙasassu. Ga takardar haihuwa, ga ta likita. Me ya rage, kuma yaushe zan dawo?" Ka nemi a ba ka shaidar cewa an karɓi takardunka, da kwanan wata a jiki. Rabon katin bai yi saurin dokar ba, kuma karkara ce ke baya. Ko da bai fito da wuri ba, shigar sunanka cikin rajistar ofishin sosiyal yana da amfaninsa, domin daga nan ake ɗauko sunaye idan kekuna ko sanduna ko jarin sana'a suka zo.

A asibiti kuwa, tun 1996 akwai dokar da ta yafe wa naƙasassu kuɗin ganin likita da na kwanciya a manyan asibitocin ƙasa, kuma na Damagaram yana cikinsu. Hanyar ita ce a bi ta ofishin sosiyal na cikin asibitin kafin a je wurin biyan kuɗi, ba bayan an biya ba. A aikace, maganin da ake rubutawa a sayo a kanti yana kan mai jinya, don haka a tafi da guzuri. Wanda ba shi da ko sisi yana iya neman takardar shaidar rashin hali daga ƙaramar hukumarsa. Ban da wannan akwai sauƙin da ya shafi kowa: yara ƴan ƙasa da shekara biyar ana duba su kyauta tun 2006, kuma daga Satumba 2024 an rage kuɗin asibitocin gwamnati da kusan rabi, haihuwa ta zama kyauta. A asibitin Damagaram akwai sashen haɗa ƙafar roba da takalman gyaran ƙafa, wanda ƙungiyar Red Cross ta duniya ta yi shekaru tana tallafawa. Asibitin Danja kusa da Maraɗi ya daɗe yana kula da masu kuturta, maganinta kyauta ne, kuma wanda ya fara sha da wuri ba ya rasa yatsa. Asibitin CURE a Yamai, da aka buɗe a 2010, yana yi wa yara aikin karkatacciyar ƙafa da tsagaggen leɓe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yawan waɗanda ake ƙirgawa cikin makafi alhali yanar ido ce kawai, wadda aikin ƙasa da awa ɗaya ke cirewa. Kafin a ba dattijo ɗan jagora, a kai shi likitan ido ya duba.

Mai albashi da kes

Inda ake samun kuɗin wata-wata na gaske saboda naƙasa shi ne asusun kula da ma'aikata na ƙasa, CNSS, wanda kowa ke kira kes. Amma na waɗanda suka zuba ne. Ma'aikacin matatar mai ta SORAZ da ke ƙasar Olelewa tun 2011, direban ƙungiyar agaji, mai gadin kamfani, malamin makaranta mai zaman kanta, mai zuba mai a gidan mai, duk wanda ke aiki a ƙarƙashin wani da albashi, doka ta wajabta wa ubangidansa ya yi masa rajista. Ana yankar kashi 5.25 cikin 100 na albashin ma'aikaci, ubangida ya ƙara nasa kason wanda ya fi haka yawa. Manomi da makiyayi da ɗan kasuwa mai cin gashin kansa, waɗanda su ne mafi yawan mutanen Damargu, ba sa cikin wannan tsari, kuma nan ne babban giɓin yake.

Ga wanda ke ciki, hanya biyu ce, kuma bai kamata a gauraya su ba.

Ta farko ita ce naƙasar da ba a wurin aiki aka same ta ba, kamar shanyewar ɓarin jiki bayan hawan jini, ko makanta sanadin ciwon suga. Sharaɗin shi ne lalurar ta rage wa mutum aƙalla kashi biyu cikin uku na ƙarfin nemansa, wato ba zai iya samun fiye da sulusin abin da takwaransa mai lafiya ke samu ba. Likitan da kes ta amince da shi ne ke tabbatar da haka. Sannan ya kasance ya yi shekara biyar da rajista, kuma an zuba masa kuɗin wata shida a cikin wata 12 da suka gabaci lalurar. Idan haɗarin da ba na aiki ba ne ya jawo naƙasar alhali yana riƙe da aikinsa na albashi, ba a tsaurara sharaɗin shekarun. Fanshon ya danganta da albashi da daɗewar zubi, amma ba ya gaza kashi 60 cikin 100 na mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma jika 42 tun Janairun 2024. Wanda sai an ɗaga shi an kwantar, an ba shi abinci a baki, ana yi masa ƙari saboda mai kula da shi. Idan ya kai shekarun ritaya, a mayar da shi fanshon tsufa.

Ta biyu ita ce haɗarin aiki, ko ciwon da aikin ne ya jawo shi. A nan babu maganar shekara biyar. Ko ranar da mutum ya kama aiki injin ya datse masa hannu, yana da haƙƙi. Haɗarin da ya faru a hanyar zuwa aiki ko komawa gida ma yana ciki. Ubangida ne doka ta ɗora wa sanar da kes cikin awa 48. Idan ya yi ƙememe, ma'aikacin ko iyalinsa suna iya kai sanarwar da kansu, kuma kada a tsaya jinkiri, domin shaidu na watsewa. Kes ce ke biyan magani, da kuɗin kwanakin da mutum ya yi a kwance, da ƙafar roba idan ta kama. Bayan rauni ya warke, likita zai auna abin da ya rage na naƙasa. Lissafin yana da sauƙi idan an gane shi: abin da bai wuce kashi 50 ba ana raba shi biyu, abin da ya haura 50 kuma ana ƙara masa rabinsa. Wanda aka auna wa kashi 40 zai riƙa karɓar kashi 20 na albashinsa. Wanda aka auna wa kashi 70, hamsin ɗin farko ta ba shi 25, ashirin ɗin sama ta ba shi 30, ya tashi da kashi 55. Ƙaramar naƙasa da ba ta kai kashi 10 ba, dunƙule ake biya sau ɗaya.

Duk wannan ya rataya ne a kan abu guda: shin an yi maka rajista, kuma ana zuba kuɗin? Akwai iyayen gida da ke yankar kuɗin kes a albashi su riƙe a aljihu, ma'aikaci bai sani ba sai ranar da ya kwanta. Mai albashi ya san lambarsa ta kes, ya ajiye takardun albashinsa, ya leƙa ofishin kes na Damagaram tun yana da lafiya ya tambayi lissafinsa. Idan ya tarar ba a zuba ba, sufeton ƙwadago ne wurin kai ƙara. Kuma kada wanda ya ji rauni a wurin aiki ya yarda a lallashe shi da jika hamsin a hannu a ce magana ta mutu. Jika hamsin ta ƙare kafin wata, hannun da aka rasa ba ya dawowa.

Cikakkun ma'aikatan gwamnati ba kes ke riƙe da su ba. Nasu fanshon yana hannun asusun CARENI, kuma takardunsu ta ma'aikatarsu suke bi. Wanda mota ta buge ko ta kife da shi kuma yana da haƙƙin diyya daga kamfanin inshorar motar, amma sai da rahoton jandarma ko ƴan sanda da takardun asibiti. Sulhun bakin hanya da ake yi don kunya yakan toshe wannan hanya gaba ɗaya.

Tallafin gidaje da rabon abinci

Kuɗin da mutanen karkara suka fi sani shi ne na shirin tallafa wa gidaje marasa ƙarfi, wanda gwamnati ta fara a 2011 da taimakon Bankin Duniya, jihar Damagaram na cikin na farko. An riƙa ba gida jika 10 duk wata har shekara biyu, yawanci a hannun uwargida. Kashi na biyu, mai suna Wadata Talaka, ya ɗaga kuɗin zuwa jika 15. Wannan ba a cike masa takardar nema. Ana zaɓen ƙananan hukumomi da garuruwa, masu bincike su bi gida-gida su tambayi yawan iyali da dabbobi da abin da ake ci, sannan a karanta sunaye a gaban taron gari a tabbatar. Haka ake yi da rabon hatsi kyauta da na farashi mai rahusa a lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, daga Yuni zuwa Agusta.

A nan ne naƙasassu ke zubewa ba tare da kowa ya lura ba. Ana taron a dandali da hantsi. Kurma yana zaune bai ji an kira suna ba. Makauniya tana gida, jikanta ya tafi kiwo, babu mai ja mata sanda. Mai keken hannu ya taso, ya tuƙa da ƙarfin ƙirjinsa har tayar gaba ta nutse cikin rairayi a bakin masallaci, ya tsaya yana jiran yaran da za su tura shi, kafin ya iso an rufe littafi. Babu wanda ya yi niyyar zalunci, amma an yi shi. Maganinsa a hannun mai gari da ƴan kwamiti yake: a aika a ɗauko su, ko a je har gida. Maigida kuma idan masu bincike suka zo, ya faɗi kowa da ke gidan, har da yaron da ba ya fita. Irin waɗannan shirye-shirye suna da kwamitin karɓar koke, kuma wanda aka tsallake yana da damar kai kukansa ba tare da ya ji kunya ba.

Maganar aiki da karatu gajeriya ce a takarda. Dokar 1993 ta ce duk ma'aikatar da ke da ma'aikata 20 ko fiye, ta gwamnati ko mai zaman kanta, ta keɓe wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na gurabe, kuma dokar ƙwadago ta 2012 ta sake jaddada kashi biyar ɗin. Ta wannan hanya ɗaruruwan naƙasassu masu takardun karatu sun shiga aikin gwamnati. Kamfanoni kuwa kaɗan ne ke cikawa. Amma gurbin na mai takarda ne, kuma takardar a aji ake samunta. Babu shugaban makarantar da doka ta ba ikon korar yaro don yana rarrafe ko don idonsa ɗaya. A Damagaram akwai makarantar kurame, a Yamai akwai ta makafi mai sunan Soli Abdurahaman. Uban da ya hana ɗansa gurgu makaranta ya miƙa masa ƙoƙon bara, ya yanke masa hukuncin shekara sittin tun yana ɗan bakwai. Na san talauci ne ke kai wasu ga haka, kuma ban raina nauyinsa ba. Duk da haka yaron da ba zai iya riƙe hauya ko bin raƙuma ba shi ne ya fi kowa a gidan buƙatar alƙalami, kuma ƴa mace mai naƙasa ta fi shi buƙata.

A kiyayi masu zuwa da jaka da littafi suna cewa an aiko su daga Yamai rubuta sunayen naƙasassu, kowa ya kawo jika biyu na fom. Haka masu bugo waya su ce sunanka ya fito, ka turo kuɗin buɗe asusu. Ba a sayen shiga tallafin gwamnati. Baƙon da ya zo da irin wannan magana, a tambaye shi takardar izini, a kai shi gaban mai gari, a kira ofishin magajin gari a tabbatar kafin kowa ya ciro ko dala.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun kafin zuwan waɗannan dokoki garuruwanmu suna da sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare, masu magana da yawun jama'arsu a fada. Yau akwai Tarayyar Naƙasassu ta Nijar, FNPH, wadda ta haɗa ƙungiyoyin makafi da kurame da guragu da sauransu, tana da reshe a jihar Damagaram. Su ne suka san takardar da ake nema a bana, da ranar da likitocin ido za su zo, da ƙofar da za a ƙwanƙwasa idan an hana mutum haƙƙinsa. Mutum ɗaya daga Tarka ana iya ce masa ya dawo jibi har ya gaji. Mutum talatin da jerin sunaye da shugabansu a gaba, ba a sallamarsu da baki. Ranar 31 ga Yuli, ranar naƙasassu ta ƙasa, da 3 ga Disamba, ta duniya, hukumomi kan fito su yi jawabi. Lokaci ne mai kyau na miƙa musu jerin buƙatu a rubuce, a kuma tambaye su abin da aka yi da na bara.

Hukuma ma akwai abin da ke kanta, kuma ba mai tsada ba ne. Haƙƙin da sai an yi tafiyar yini a bayan mota kafin a same shi, ga mutumin da ba ya iya hawa motar sai an ɗauke shi, bai isa hannun mai shi ba tukuna. Likita da ma'aikacin sosiyal da mai ɗaukar hoto suna iya haɗuwa ranar kasuwa a Belbeji ko Gangara su gama wa mutum ɗari takardunsu a yini guda, kamar yadda ake fita rigakafi. Tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa, don haka babu hujjar da dokar 2019-62 za ta ci gaba da zama cikin Faransanci kaɗai. A fassara ta, a karanta ta a gidajen rediyon karkara da Hausa da Tamajak da Barbarci da Fulatanci. Ƙananan hukumomi su ware wa naƙasassu layi a kasafinsu, su faɗi adadin a fili. Kuma lokaci ya yi da za a fara maganar tallafin wata-wata, ko da kaɗan ne, ga masu naƙasa mai tsanani waɗanda ba za su taɓa iya nema da kansu ba, domin yanzu nauyinsu duka yana kan uwa ko ƙanwa da ta bar nata neman don ta zauna da su.

Kai kuma mai karatu, idan a gidanku ko maƙwabtanku akwai mai naƙasa, ka tambaya yau ko yana da takardar haihuwa. Idan babu, ka nemo shaidu biyu, ranar kasuwa mai zuwa ku je ofishin magajin gari a fara daga nan.